Masu Sayar Da Injin Washi Na Hannu, Ku Daina Shafe Mana Farantin Lamba Da Fenti

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan abin da na san ba shi ke hana manya barci ba. Maganar injin washi ce, wanda ake ɗaurewa a kan benci, mai dutse biyu dama da hagu, da ɗan'uwansa injin goge ƙarfe. Mu da tuwonmu ke fitowa daga tartsatsi, maganar ta shafi aljihunmu, ta shafi idanunmu da yatsunmu.

Ni mai walda ne. Shekarata 27 a sana'ar, in an haɗa da shekarun da na yi ina ɗebo wa maigidana ruwa ina riƙe masa ƙarfe. Ƙofofi da tagogi nake yi, amma a gefen shagon akwai bencin washi. Mahauta na kawo wuƙaƙe, teloli na kawo almakashi, manoma adda da gatari, kafintoci kuma bakin diril da ya dakushe. In Babbar Sallah ta matso, washin nan ya fi walda kawo kuɗi, domin kowane magidanci sai a lokacin yake tuna wuƙar da ya jefa bayan randa tun layyar bara.

To bara, saura mako 3 Sallah, injina ya mutu. Sabo fil na saye shi a kwali, bai cika shekara 2 ba. Takardar da aka manna masa ta ce ƙarfin doki ɗaya gare shi, amma in ka danna masa gatari sai ya tsaya yana nishi kamar jakin da aka yi wa lodin yashi. Da mai naɗin koyil ya buɗe shi ya kankare wayar da wuƙa, sai ga fari a ƙarƙashin ja. Alminiyon ne aka yi wa wankan tagulla. Ya ce gyaransa asarar kuɗi ce, ban yi masa musu ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na ce wannan karon na hannu zan nema, irin tsofaffin nan da ake saukewa daga kwantena.

Duk wanda ya san Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya san irin rumfunan da nake nufi, inda za ka ga injin ɗinki a kan janareta, janareta a kan bayis, komai ya sha tafiya. Ba zan faɗi kasuwar da na je ba, balle rumfar, domin abin da na tarar ba halin mutum ɗaya ba ne. Mu biyu muka je, ni da maƙwabcina mai gyaran babur. Muka tarar da injina biyu iri ɗaya kamar Hassan da Hussaini, gangar jikinsu ƙarfen zubi ne wanda muke kira kas, nauyinsu sai da na sa hannu biyu na yi bisimilla. An fesa musu shuɗin fenti, ko bushewa bai gama yi ba a ƙasan gindin. Mai fentin bai bar komai ba. Ya bi makunni, ya bi noti, ya bi gefen dutsen, ya bi ɗan farantin nan da ake kafewa a gaban inji mai ɗauke da lambobi. An kuma yanke kan wayar.

Mai kayan ya cusa tsirarar waya a soket, injin ya ɗauka da ƙara, kafin in ƙirga uku ya zare. Ya ce, “Alhaji, ka ji murya? Wannan ai ɗan Jamus ne.” A wurinsu duk abin da ya yi nauyi ɗan Jamus ne. Muka yi ciniki, kowa ya ɗauki ɗaya.

Maƙwabcina mutum ne mai gaggawa. Ina kwance igiyar da muka ɗaure nawa a bayan A Daidaita Sahu, shi har ya ɗaura wa nasa fulogi ya kunna. Ban ga hayaƙin da farko ba, warin na fara ji, warin nan na ƙonannen koyil da duk wanda ya taɓa shaƙa ba ya mantawa. Bai yi minti 2 yana juyawa ba ya mutu. Da ya koma wurin mai kayan, amsa ɗaya ya samu: “Ai a gabanka na gwada.” Kuma gaskiya ne, a gabanmu ya gwada. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Na ajiye nawa ban kunna ba, na aiki yaro ya sayo mini tina.

A nan na tafka nawa kuskuren, kuma ina faɗa ne don kada wani ya maimaita. Na jiƙa tsumma sharkaf na dirje farantin da ƙarfi. Fentin ya fita, amma ya tafi da sunan kamfanin, domin sunan da tawada aka buga shi. Da auduga na sa a tsinke na bi a hankali, da yau na san sunan wanda ya ƙera injina. Abin da ya tsira shi ne lambobin da aka buga da kurfi suka nutse cikin farantin. Na haska tocila ta gefe don inuwa ta fito da su, na karanta: 115, sai 60, sai 3450, sai PH 1, sai 1/2. Ashe ɗan Jamus ɗin nan ko hanyar Jamus bai taɓa bi ba. Ɗan Amurka ne.

Ga abin da lambobin ke cewa, ga wanda bai sani ba. Wutar da ke zuwa gidajenmu a Nijeriya bolt 230 ce, kuma tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, shi ne ake rubuta 50 Hz. Ta Amurka ta soket bolt 120 ce, tsofaffin injina kan rubuta 115 ko 110, tana kai da komo sau 60. Wato abin da maƙwabcina ya yi shi ne ya ɗura wa injin ninkin abin da cikinsa zai ɗauka. Zai juya kuwa, har ya fi kowa kuka, na ɗan lokaci. Shi ya sa gwajin daƙiƙa 3 a rumfa ba ya nuna komai sai cewa injin bai riga ya mutu ba. Ita kuma 3450 yawan juyinsa ne a minti ɗaya a wutar ƙasarsu. Injin da aka yi don irin wutarmu 2850 za ka gani ko kusa da haka, masu tafiyar hawainiya kuma 1400 da ɗoriya. Don haka ko da fenti ya cinye wurin bolt, in ka ga 3450 ko 1725 ka san inda aka fito. Ita 1/2 ƙarfin rabin doki ke nan. PH 1 na nufin layi ɗaya yake sha. In ka ga PH 3, ko 380, ko 415, to mai layi uku ne, kuma in shagonka ba shi da layi uku ka sayi wahala, ko da yake su ne suka fi kowa ƙarko.

Wani lokaci farantin ma babu shi, ramukan ƙusa 4 kawai za ka gani. A nan sai ka koma ga wayar. Fere bakinta ka duba launin da ke ciki. Baƙi da fari da kore, Amurka ke nan. Ruwan ƙasa da shuɗi da mai ratsin kore da rawaya, Turai ke nan. Ja da baƙi da kore, tsohon ɗan Ingila ne, domin tun wajen 1970 suka bar wannan launi a wayar kayan aiki. Amma kada ka ce duk ɗan Ingila lafiya lau ne. A wuraren gine-ginensu da bolt 110 suke aiki, kayan na zuwa da wani ƙaton fulogi rawaya, kuma shi ne farkon abin da ake yankewa a jefar. Na Japan 100 suke sha. In ka ga an rubuta CYCLES a maimakon Hz, injin ya girmi yawancin yaran shagonka da iyayen wasunsu. Shi ma shaf ɗin, wato sandan ƙarfen da ake ɗaura dutsen a kai, yana magana: na Amurka da inci ake auna shi, rabin inci ko 5/8, notinsa kuma ba ya shiga sifanar milimita daidai.

Sunayen da na gani da idona a benci daban-daban, waɗanda in na gamu da su ba na wucewa sai na tsaya, akwai Baldor na Amurka, da Wolf na Ingila, da Creusen na Holan, da Metabo wanda shi ne ɗan Jamus na gaskiya. Akwai kuma Craftsman, wanda ba sunan masana'anta ba ne, tambarin kantunan Sears na Amurka ne a da, kafin su sayar da shi a 2017, wasu kamfanoni ne suka riƙa ƙera musu, lambobi 3 na farko kafin ɗigo su ke nuna wanda ya ƙera. Amma ni suna bai dame ni kamar lamba ba. Sunan yana ƙara wa mai kaya kuɗi, lambar ita ke hana ni ƙona abin da na saya.

Yanzu in na je sayen inji, kafin a kai ga soket akwai abin da hannu da hanci ke gaya mini. Ina kai hanci ramukan iska in shaƙa. Ina juya shaf da hannu in saurara, in na ji ƙurus-ƙurus kamar ana tauna tsakuwa, boris ne, wannan ba abin tsoro ba ne, sai dai ya zama dalilin neman ragi. Ina kama bakin shaf in girgiza sama da ƙasa. Sannan in riƙe alli daf da shi ina juyawa a hankali. In allin ya zana gefe ɗaya ya bar ɗaya, shaf ya lanƙwashe, ka ajiye musu kayansu ko da kyauta ne, domin inji mai karkataccen shaf har abada rawa zai yi a kan benci. Ina duba tiredin bakin shaf ɗin, ina duba gindin ko kas ɗin ya tsage, don waldar kas ba kowa ke iya ta ba, ni ma da nake cika baki ba kullum take yi mini ba.

Gyaran nawa ya ci mini yammaci 4. Farkon rigimar da noti aka yi. Na bar yarona ya cire duwatsun, na dawo daga sallar La'asar na tarar ya zura bututu a sifana ya hau da ƙafa yana ta gumi a kan notin hagu. Ɗaure shi yake ƙara yi bai sani ba. Notin hagu a injin washi tiredinsa a juye yake, yadda kake ɗaure sauran notuna haka ake kwance shi. An yi haka ne don juyin dutsen ya riƙa ƙara matse shi maimakon ya warware shi. Na sha ganin injina masu kyau da aka kashe wa tiredin hagu saboda rashin sanin wannan abu guda. Allah Ya taimake ni na iso da wuri.

Kafin in raba gangar jikin na sa kurfi na yi ɗigo a murfi da jiki, ɗaya a dama biyu a hagu, don kowa ya koma ɗakinsa. Da na buɗe, sai ga gidan zanzaro busasshe a maƙale a jikin koyil, da ƙurar ƙarfe ta haɗu da tsohon giris ta zama kamar kwalta. Amma wayar jar tagulla ce tsantsa, mai kauri, ba ta da tabon ƙuna ko ɗaya. Na wanke ƙarafan da kananzir, koyil ɗin kuma iska kawai na busa masa da buroshi mai laushi. Boris ɗin lambarsu na gefe, 6203, wato raminsu milimita 17. Duk da haka da tsohon na tafi kasuwa a aljihu, domin wasu injinan Amurka suna da boris mai lamba iri ɗaya da namu amma raminsa na inci ne. Na zaɓi mai murfin roba, wanda ake rubuta wa 2RS, saboda ƙurar dutse ita ce ajalin boris. Wajen sawa, bututu na samu daidai zoben ciki na riƙa bugawa a hankali. Wanda ya doki zoben waje da guduma ya kashe sabon boris tun kafin ya fara aiki.

Kafasita ɗin ya kumbura, na canza da mai lamba irin tasa. In inji yana gurnani ba ya tashi sai an tura dutsen da hannu, yawanci can matsalar take, ba sai an kai shi naɗi ba. A taɓa ƙafafunsa biyu da sukundireba mai hannun roba kafin a kama, yana riƙe wuta ko an zare fulogi. Na sa sabuwar waya mai ƙwarya uku na ɗaure ta ƙasa a jikin ƙarfen. Na nemo taransifoma mai sauke wuta zuwa 110, na ɗauki wadda ta ninka abin da injin ke ci sau 3, don lokacin tashi yana jan wuta fiye da lokacin gudu. A wutarmu ba ya kai 3450 ɗinsa, yana tsayawa kusa da na Turai, kuma yana ɗan fi ɗumi, sai in ba shi hutu tsakanin aiki. Abin dariya, ranar da wuta ta zo da ɗan rauni ya fi jin daɗi, jikinsa ba ya zafi.

Yanzu bari in zo kan dutse, domin shi ne abin da ya sa na ɗauki biro. Inji in ya ƙone kuɗi ka rasa. Dutse in ya fashe, ido ne ko haƙora ko abin da ya fi haka.

Ina yaro a shagon maigidana, Allah Ya jiƙansa, wata safiya dutse ya tarwatse ana kunna inji. Ba wanda ya ga tashinsa. Ƙara kawai muka ji, muka ɗaga kai sai ga rana tana leƙo mu ta wani rami a kwanon rufi, faɗinsa ya kai tafin hannu. Maigida bai ce uffan ba, ya zauna a kan benci ya daɗe yana kallon ramin. Bai taɓa liƙe shi ba har muka tashi daga shagon, in damina ta zo sai a tara bokiti. Daga baya na yi lissafin abin. Dutse mai inci 8 a juyi 2850, bakinsa na gudun kusan mita 30 a daƙiƙa, ya haura kilomita 100 a awa. Kuma fuskarka ba ta fi kamu 2 daga wurin ba.

Dutsen da ya zo da injin hannu ba ka san tarihinsa ba. Ya faɗi a kwantena, an jefa masa bayis a ka, ya kwana a ruwan sama. Tsagewarsa ba ta cika ganuwa ba, balle an shafe ta da fenti. Gwajinsa kuwa ba ya cin ko sisi. Ka cire shi, ka goge shi ya bushe, ka rataye shi a yatsa ko a sanda ta ramin tsakiya, ka ƙwanƙwasa gefensa a hankali da ƙotar sukundireba ko guntun katako, ba da ƙarfe ba. Ka juya shi kaɗan ka sake. Lafiyayye zai ce “ƙil” da ɗan amo mai ja, kamar ka taɓa kofin tangaran. Mai tsaga zai ce “ƙwaf” ya yi shiru, kamar fasasshiyar tukunya. Na dama a injina ya yi amo. Na hagu ya ce ƙwaf. Na kira yarana 3 na sa kowa ya ƙwanƙwasa da hannunsa ya ji bambancin da kunnensa, sannan na sa guduma na farfasa shi, don na san in na jefar da shi a bola da ransa, jibi zan gan shi a rumfar wani.

Kowane dutse na ƙwarai yana zuwa da takarda zagayayya a gefensa, a jikinta an rubuta iyakar juyin da zai iya ɗauka. Dole lambar ta kai ta injin ko ta fi. To in mai fenti ya shafe lambar inji ya shafe ta dutse, da me mutum zai gwada? A takardar ne kuma za ka ga irin dutsen. Mai farawa da A, yawanci toka-toka ko fari, na ƙarfe ne. Mai farawa da C, irin koren nan, shi ke cin kabayid, ƙarfen nan mai tsananin tauri da ake sa wa bakin kayan yanka ƙarfe. Lamba 36 mai kaushi ce ta cin ƙarfe, 60 ta gyaran baki, 80 zuwa sama ta laushi. Takardar kanta ba ado ba ce, katifa ce tsakanin dutse da faifan ƙarfen da ke matse shi. In babu, ka yanko daga kwali mai ɗan kauri. Faifan nan biyu su zama girmansu ɗaya, kada a maye gurbin ɗaya da washar mota. In ramin dutse ya fi shaf faɗi a sa masa zoben roba da aka yi don haka, ba a naɗa masa salatif ko gwangwanin madara. In ya matse kada a buga shi ya shiga. Notin kuma a ɗaure shi daidai riƙo, ba da bututu ba. Ranar da ka ɗaura sabon dutse, ka kunna ka koma gefe ka ba shi minti ɗaya cur yana juyi shi kaɗai.

Sai murfin gefe da ɗan dandamalin da ake ɗora ƙarfe a kai. A nan ba 'yan kasuwa kaɗai ke da laifi ba, mu ne. Mu ke cire murfi mu ce yana tare mana hanya, mu ke cire shi don mu ɗaura dutsen da ya fi ƙarfin injin. Dutse mai inci 10 a kan juyi 2850 ya wuce mita 37 a daƙiƙa, alhali da yawa daga cikin duwatsun benci iyakarsu 35. Dandamalin kuma tsakaninsa da dutse kada ya wuce milimita 3, kaurin tsinken ashana da ɗan ɗori. Dutse na cinyewa, ramin na faɗi, wata rana ya ja ƙarfen ya cusa ciki ya haɗa da yatsa. A kan gefen dutse ba a washi, ba don nan aka yi shi ba. Alminiyon ma ba a kai masa, yana toshe masa ido ya hana shi ci. In fuskarsa ta yi santsi ko ta yi kwari, a bi ta da abin gyaran dutse mai tauraro ko mai bakin daimon har ta miƙe. Gwangwanin ruwa kuma ya zauna a gefe. Wuƙar da bakinta ya yi shuɗi a kan dutse ta rasa taurinta, mahauci zai dawo maka da ita kafin Azahar yana faɗa.

Shi kuma ƙonannen na maƙwabcina, da ya ce zai kai wa 'yan gwangwan su auna, sai na biya shi abin da za su ba shi da ɗan ƙari na karɓa. Mai naɗi ya ƙirga zagayen tsohuwar wayar, ya naɗa masa sabuwa siririya mai zagaye fiye da ninki, ya canza kafasita, ya koma ɗan ƙasa mai shan 230 kai tsaye. Shi na mayar injin goge ƙarfe. Wanda aka ƙera don gogewa tun asali za ka gane shi da dogon shaf da rashin dandamali, don kaya su samu wurin juyawa. Nawa gajere ne, sai na sa masa bakin nan mai tsini mai tiredi kamar dunƙulen sukuru, shi ma akwai na dama akwai na hagu, in ka musanya, faifan gogewar zai kwance ya tashi sama. Faifan igiya mai kaushi na fara cin tabo, na yadi mai ɗinki ya biyo, na yadi sake-sake ya fito da sheƙi. Sabulun gogewa kala-kala ne: ruwan ƙasa na tagulla da alminiyon, kore ko fari na silba irin ta hannun ƙofa da ba ta tsatsa, ja na maƙeran zinariya da azurfa. Kowane sabulu da faifansa, ba a haɗa musu kwano.

Mutane na raina wannan inji don yadi ne ba dutse ba, ni kuwa na fi tsoronsa. Dutse yana cin abin da ka ba shi, yadi fizgewa yake. A ƙasan tsakiyar faifan ake riƙe kaya, inda juyin ke tafiya ƙasa, kada kaifin abin ya fuskanci juyin. Ya taɓa ƙwace mini murfin tukunya ya maka shi a bango, sai da ya lotse. A shagona ba mai matsawa kusa da shi da babbar riga, ko hannun kaftani a sake, ko carbi a wuya, ko safar hannu. Tabarau da takunkumi kuwa dole ne, wanda ya yi gogewar awa ɗaya ya fyace hanci zai ga dalili.

Roƙona, Edita, ga 'yan'uwanmu masu sayar da kayan hannu ne. Na san fenti na jawo mai saye, ban ce a daina ba. Amma a manna ɗan salatif a kan farantin kafin a fesa, a ɓare bayan an gama. Kada a taɓa dutse da fenti ko kaɗan. In an yanke fulogi, a rubuta 110 da alli ko maka a jikin injin. Mai sayen da ya san abin da ya saya zai haɗa da taransifoma a rumfarka, ribarka biyu ke nan, kuma zai dawo. Maƙwabcina bai sake taka layin nan ba, kuma duk wanda ya tambaye shi sai ya ba shi labari. Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da na masu walda za su iya faɗar wannan a taro ɗaya a wuce wurin. Su kuma 'yan gwangwan da ke fasa tsofaffin injina don kilo ɗaya ko biyu na tagulla, don Allah ku leƙa shagon mai walda mafi kusa kafin ku ɗaga guduma. Yawancinmu za mu biya fiye da abin da sikeli zai ba ku.

Injinan biyu suna nan gefe da gefe a kan benci, na kankare shuɗin fentin na mayar da su ruwan toka. Na buga 110 da kurfi a gindin na washin, na rubuta shi da jan fenti a bangon da ke bayansa, na kuma sa masa fulogin da ba ya shiga kowane soket a shagon sai na taransifomarsa, saboda yaran da za su zo bayan waɗannan. Sallar bara da shi na wasa wuƙaƙen unguwarmu, bana ma haka. Murfin gefen hagu ne har yau ban samu na asali ba, na lanƙwasa farantin ƙarfe mai milimita 3 na yi masa, yana aiki amma ba shi da kyan gani. In na shiga kasuwa ina duba tarin ƙarafa ko Allah zai sa in dace.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai walda da washi, daga Zariya.